Sabon faifan ajiya yana aiki a gidan USB amma ya ƙi tashi a cikin kwamfutar tebur

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a nan Kumasi, wanda sana'arsa ɗaukar hoto da bidiyo ce a wuraren aure da suna da Maulidi, ya aiko da sallama da tambaya. Ya ce ya sayi faifan ajiya mai girman terabayit 8 wanda ya zo a cikin gidansa na USB, ya yi aiki da shi lafiya, daga baya ya ɓalle gidan ya ciro faifan domin ya ɗaura shi a cikin kwamfutarsa ta tebur. Da ya jona, kwamfutar ta tashi kamar yadda ta saba, amma faifan ko motsi bai yi ba, kuma bai bayyana a ko'ina ba. Tsohon faifansa na terabayit 1 yana aiki a kan wannan kebul ɗin, sabon kuma da ya mayar da shi gidan USB sai ya tashi. Wani ya ce masa fawa-fak ɗin kwamfutar, wato akwatin da ke ba sassanta wuta, shi ne ya yi rauni, wani kuma ya ce faifan ne ya lalace. Yana son ya san wanne ne gaskiya kafin ya kashe kuɗi.

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Malam. Allah ya sanya albarka a sana'a. Ina roƙonka kada ka sayi sabon fawa-fak tukuna, kuma kada ka mayar da faifan ga wanda ya sayar maka da sunan ya lalace, domin abubuwan da ka gwada da kanka sun riga sun nuna inda matsalar take. Faifan da ya mutu ba ya tashi a ko'ina, naka kuwa yana tashi a gidan USB. Fawa-fak mai rauni kuma yana da alamominsa: za ka ji faifai yana yunƙurin juyawa ya kasa, ko ya yi 'yar ƙara ya tsaya ya sake farawa, ko kuma kwamfutar gaba ɗaya ta kashe kanta ta sake tashi. Shiru tsit irin wanda ka bayyana, a kan babban faifai na zamani, a kebul ɗin da tsohon faifai ke aiki a kansa, kusan kullum dalilinsa ɗaya ne, wato kwamfutarka tana aika wa faifan umarnin ya zauna a kashe ta haƙori na uku na bakin wutarsa, shi kuma yana bin umarnin kamar yadda aka ƙera shi ya yi.

Ka ɗauki faifan ka dubi bakin da ake jona kebul. Za ka ga rukuni biyu na haƙoran ƙarfe masu launin zinariya: ƙaramin rukuni mai haƙora 7, wanda bayanai ke bi, da babban rukuni mai haƙora 15, wanda wuta ke bi. Ana fara ƙirga haƙoran wuta daga ɓangaren da ke maƙwabtaka da rukunin bayanai, inda robar ta yi 'yar lanƙwasa kamar harafin L. A tsarin SATA na asali, wato ƙa'idar wannan bakin jona faifai, wanda ya fito a 2003, haƙora uku na farko suna ɗauke da bolt 3.3, na 4 zuwa na 6 layin ƙasa ne, wato inda wuta ke komawa, na 7 zuwa na 9 suna ɗauke da bolt 5, na 10 da na 12 su ma layin ƙasa ne, na 11 yana da aikinsa na daban, sannan na 13 zuwa na 15 suna ɗauke da bolt 12. Shi ya sa kebul ɗin da ke fitowa daga fawa-fak yake da wayoyi biyar: mai ruwan lemo ta bolt 3.3, baƙa, ja ta bolt 5, wata baƙar, sai rawaya ta bolt 12.

Babban faifai na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, da bolt 12 yake juya farantansa, allonsa kuma da bolt 5 yake aiki. Ƙaramin faifai na laftof mai inci 2.5, da kuma SSD, wato ma'ajiyar da ba ta da faranti mai juyawa, mai irin wannan girman, bolt 5 kaɗai suke sha. Bolt 3.3 ɗin nan kusan babu faifan tebur da ya taɓa amfani da shi, saboda haka haƙoran nan uku suka daɗe suna zaune babu aiki, waya tana kawo musu wuta, faifai kuma bai kula da ita ba. Dalilin da ya sa tsohon faifanka na terabayit 1 yake aiki ba tare da damuwa ba ke nan.

Canjin ya samo asali ne daga manyan cibiyoyin ajiye bayanai, inda ake jera faifai dubbai a cikin sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima. A irin waɗannan wurare, idan faifai ɗaya ya daskare ya daina amsawa, hanyar farfaɗo da shi ita ce a yanke masa wuta a mayar, kuma a da sai ma'aikaci ya taka ya je ya zare shi da hannu ya sake turawa. Masu tsara ƙa'idojin faifai suka nemi hanyar yin wannan daga nesa. Tsarin SAS, wato irin bakin jona faifai na sabobi, shi ne ya fara samun ta, daga baya ƙungiyar SATA-IO ta shigar da ita cikin SATA 3.3, wanda aka fitar a watan Fabrairu na 2016, da sunan Power Disable, ko PWDIS a taƙaice. Abin da suka yi shi ne suka raba haƙori na uku da 'yan'uwansa biyu, suka mayar da shi layin umarni. Idan aka ɗora masa wuta tsakanin bolt 2.1 da 3.6, faifai zai yanke wa kansa wuta gaba ɗaya. Idan wutar ta yi ƙasa sosai, ko kuma babu abin da aka jona masa, faifai zai tashi ya yi aikinsa. To fawa-fak irin namu, a cikin bakin kebul ɗinsa haƙora ukun nan a haɗe suke a kan waya ɗaya mai ruwan lemo, kuma tana ba su bolt 3.3 tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta har a kashe ta. Wannan adadi ya faɗa tsakiyar iyakar da aka ware wa umarnin kashewa. Lamarin ya yi kama da mitar kati ta ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, idan kuɗinta ya ƙare: wuta tana nan a kan waya har ƙofar gida, amma mita ta katse ta, kuma ba za ta sake ta ba sai an cire dalilin katsewar.

Gidan USB kuwa ba ya kawo wannan matsala, domin adaftarsa ta bango bolt 12 take bayarwa, ƙaramin allon da ke ciki ya samar da bolt 5, kuma ba ya ɗora wa haƙori na uku wutar da za ta kashe faifan. Faifan da aka fi samun wannan tsari a cikinsu su ne na sabobi, kamar wasu nau'o'in Ultrastar na kamfanin HGST, wanda Western Digital ya saye a 2012, da kuma faifai masu farar takarda da ake samu a cikin gidajen WD Elements da My Book da Easystore, musamman daga terabayit 8 zuwa sama. Da yawa daga cikinsu a cike suke da iskar hiliyom, fasahar da HGST ya fara fitarwa kasuwa a 2013 da faifai mai terabayit 6. Yanzu da tsofaffin faifan sabobi na Turai da Amurka suke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Tema tare da sauran kayan kwamfuta, suna isowa shagunan Adum a tsakiyar Kumasi, ina ganin wannan matsala fiye da da, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake yanke wa faifai mai lafiya hukuncin mutuwa, a jefa shi cikin kwalin tarkace, alhali gyaransa bai wuce na 'yan mintuna ba.

Kafin ka taɓa komai, ka mayar da faifan gidan USB ka kwafe duk aikin mutane da ke kansa zuwa wani wuri. Bidiyon ɗaurin aure ba ya maimaituwa, kuma a ƙasa zan faɗa maka wani dalili na musamman da ya sa wannan matakin ya zama dole a irin yanayinka. Sannan ka karanta lambar samfurin da ke kan takardar faifan, ka nemi takardar bayaninsa a shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka duba ko an ambaci Power Disable. Idan ba ka samu ba, gwajin da zan bayyana shi da kansa zai ba ka amsa, kuma ba ya cutar da faifan da ba shi da wannan tsari.

Hanya mafi sauƙi ita ce rufe haƙorin da tef. Ka kashe kwamfuta, ka zare wayarta daga bango, ka danne makunninta na 'yan daƙiƙoƙi domin sauran wutar da ke ciki ta zube, sannan ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka riƙe faifan, musamman a lokacin hunturu da iska ke bushewa jiki yana tara wuta. Tef ɗin da ya dace shi ne Kapton, siririn tef mai launin zuma wanda masu gyaran wayar hannu ke rufe sassan allo da shi idan za su hura iska mai zafi. Kowane mai gyaran waya a Adum ya san shi, kuma guntun da kake buƙata bai kai tsawon farce ba. Ka manna shi a kan gilashi ko farantin tangaran, ka yanka da sabuwar reza. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 1.27 ne kawai, saboda haka rufe na uku shi kaɗai yana buƙatar hannu mai natsuwa da ido mai kyau. Shawarata ita ce ka yanka mai faɗin kusan milimita 4 ka rufe na ɗaya da na biyu da na uku gaba ɗaya, tun da faifan ba ya shan komai daga cikinsu, kuma tef mai faɗi ya fi kama wuri. Ka bar ɗan saura a gaba ka lanƙwasa shi ta kan bakin robar zuwa bayanta, domin kada kebul ya tura shi ciki lokacin shiga. Ka tabbata bai hau kan sauran haƙoran ba, sannan ka tura kebul a hankali, a miƙe, sau ɗaya.

Idan ka kunna, ka ɗora tafin hannunka a kan faifan ka jira. Faifan hiliyom ba shi da ƙara sosai, kuma manyan faifai sukan ɗauki daƙiƙa goma zuwa ashirin kafin su gama shiryawa, amma za ka ji 'yar girgiza tana ƙaruwa a hannunka, sannan ka ji motsin allurarsa. Idan ka ji haka, ka gano matsalar.

Kada ka yi amfani da baƙin tef na masu wayarin. Yana da kauri, yana buɗe bakin kebul, kuma gam ɗinsa yana narkewa da zafi ya ɓata haƙoran da ke kusa. Salatif yana yagewa tun a turawar farko. Wasu suna shafa jan farce, amma ƙarfen kebul yana kankare shi. Wasu kuma suna karya haƙorin da allura ko su ɓanɓare shi gaba ɗaya. Wannan yana aiki, amma ba ya gyaruwa idan hannu ya kuskure, kuma ban ga dalilin raunata faifai mai tsada ba alhali ana iya magance abin daga ɓangaren waya mai araha.

Tef, ko da Kapton ne, yana da rauni guda. Duk lokacin da aka zare kebul aka mayar, yana iya gocewa, kuma idan ya goce kwamfuta tana cikin aiki, faifan zai kashe kansa nan take a tsakiyar rubuta bayani, wanda hakan kan lalata fayil ko ma tsarin faifan. Saboda haka ni tef abin gwaji nake ɗaukarsa. Ga wanda zai ɗaura faifai ya bar shi shekaru yana aikin neman abinci da shi, abin da na fi so shi ne a sami gajeren kebul na ƙari, mai bakin SATA a kowane ɓangare, a sa shi tsakanin fawa-fak da faifai. Wasu irin waɗannan kebul ɗin da wayoyi huɗu kawai suke zuwa, babu mai ruwan lemo, kuma su ba sa buƙatar komai. Idan mai biyar ka samu, ka yanke mai ruwan lemon, ka cire guntu daga tsakiyarta domin bakunan biyu su yi nesa da juna, ka rufe kowane baki da robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi. Amfanin wannan hanya shi ne ba ka taɓa faifai ba, ba ka taɓa fawa-fak ba, kuma ranar da ka sauya kwamfuta sai ka tafi da guntun kebul ɗinka.

A nan akwai wurin da ake yin ɓarna. Fawa-fak na zamani da yawa wayoyinsu duk baƙaƙe ne, babu launin da zai shiryar da kai. Wayar bolt 3.3 ita ce wadda ke gefen lanƙwasar L, ta bolt 12 kuma tana can ɗaya gefen, amma kada ka yanke da zato. Ka sa mita ka auna, ko ka kai wa mai gyara ya auna a gabanka. Idan kuma a kan kebul ɗin fawa-fak ɗin kansa aka cire wayar, duk bakunan da ke bayan wurin za su rasa bolt 3.3, wanda ba ya cutar da faifai na yau da kullum ko SSD mai inci 2.5, amma ya kamata a manna alama a kan kebul ɗin domin wanda zai buɗe kwamfutar nan gaba ya sani.

Hanya ta uku ita ce wadda za a fi saurin miƙo maka a shago, wato adaftar da ke ɗauko wuta daga tsohon baki mai ramuka huɗu, wanda ake kira Molex, ta mayar da shi bakin SATA. Tana magance matsalar, domin Molex bolt 5 da bolt 12 kaɗai yake da su. Amma ina so ka saurare ni da kyau a kan wannan. Adaftocin nan iri biyu ne. Akwai waɗanda aka zuba narkakkiyar roba a kan wayoyin ta daskare ta zama dunƙule ɗaya, ba ka ganin inda waya ta haɗu da ƙarfe. A cikin masu arahar irin wannan, wayoyin sukan matso kusa da juna tun a wurin ƙira, zafi da danshi su yi aiki a kansu a hankali, wata rana wuta ta tsallaka tsakaninsu, robar ta kama. Na sha buɗe kwamfuta na tarar da bakin nan ya ƙone ya manne da allon faifai, kuma kwamfutar mai haɗa bidiyo ita ce aka fi bari a kunne cikin dare babu kowa a shago. Iri na biyu su ne waɗanda kowace waya take shiga raminta daban, an matse ta da ƙarfe, ko kuma masu murfi a baya wanda ake iya ɓallewa a ga wayoyin a jere. Waɗannan su ne abin saye. Ko da su, faifai ɗaya za ka ɗora wa adafta ɗaya, kuma kada ka jera adafta a kan adafta, domin kowane haƙori na bakin SATA amfiya 1.5 aka ƙayyade masa, babban faifai kuma yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12 a lokacin da yake fara juyawa.

Game da shawarar sayen sabon fawa-fak, ka sani cewa sabunta ba ta ba da tabbaci, domin da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa har yanzu suna kawo bolt 3.3 a bakin SATA. Za ka iya kashe kuɗi ka dawo gida ka tarar da shirun nan yana jiranka. Idan kuma fawa-fak ɗinka irin wanda ake zare wayoyinsa ne daga jikinsa, kada ka taɓa aron kebul na wani kamfani ko na wani samfuri ka jona masa, ko da bakin ya shiga daidai. Ɓangaren da ke shiga faifai ne kawai yake da ƙa'ida ɗaya a duniya, ɓangaren da ke shiga fawa-fak kuwa kowane kamfani da yadda yake jera wayoyinsa. Kebul ɗin aro yana iya kai bolt 12 inda ake jiran bolt 5, kuma cikin ƙiftawar ido ya ƙone duk faifan da ke kansa.

Ba ka faɗi irin kwamfutarka ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Yawancin kwamfutocin tebur da ke hannun mutanenmu tsofaffin na ofis ne da aka shigo da su, irin su Dell OptiPlex da HP da Lenovo ThinkCentre. A cikin da yawa daga na shekarun baya-bayan nan, fawa-fak bolt 12 kaɗai yake bayarwa, wutar faifai kuma daga kan madabod, wato babban allon kwamfuta, take fitowa ta wani ƙaramin kebul na musamman. Wasu daga cikin waɗannan kebul ɗin an yi su ne domin ƙaramin faifai kawai, bolt 5 suke ɗauke da shi, kuma babban faifai zai yi shiru a kansu kamar yadda naka ya yi, ko da an rufe haƙori na uku. Idan tsohon faifanka na terabayit 1 babba ne mai inci 3.5, wannan bai shafe ka ba, tun da ya tabbatar da cewa bolt 12 yana isowa. Idan ƙarami ne, to ka ƙirga wayoyin kebul ɗin ka auna su. Mita ya kamata ta nuna tsakanin 11.4 da 12.6 a layin bolt 12, da tsakanin 4.75 da 5.25 a layin bolt 5.

Saboda sauran masu karatu da faifansu ya ƙi tashi amma alamominsu suka bambanta da na mai tambaya, ga abubuwa kaɗan a gurguje. Idan da zarar an jona faifai kwamfuta ta yi yunƙurin tashi fanka ta juya sau ɗaya ta mutu, kuma tana tashi idan an cire shi, to layukan wuta sun haɗu inda bai kamata ba a allon faifan, galibi ƙaramin abin kariya da ake kira TVS ne ya ƙone domin ya tare wuta mai yawa, kuma wannan aikin ƙwararre ne. Sauya allo da na wani faifai mai kama da shi ba ya wadatarwa, domin kowane allo yana ɗauke da bayanan daidaita faifansa. Idan kebul ya ƙi shiga sam saboda babu rata tsakanin rukunin bayanai da na wuta, faifan SAS aka sayar maka, kuma madabod na gida ba ya iya magana da shi sai da katin SAS na musamman. Akwai kuma faifan da aka saita su a saba su jira umarni kafin su fara juyawa, tsarin da ake kira PUIS, wanda ake iya cirewa da manhajar hdparm a Linux. Idan faifai yana ƙwanƙwasa a kai a kai, a kashe shi nan take, kada a yi ta kunnawa ana gwada sa'a, kuma kada a bar kowa ya buɗe murfinsa a kan teburin shago.

Bayan faifanka ya fara juyawa, ka shiga BIOS, wato shafin saituna da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka ga ko sunansa ya fito. Idan bai fito ba, ka sauya kebul ɗin bayanai ko ramin da ka jona shi, domin a wasu madabod ɗin sanya siririn SSD a gurbinsa da ake kira M.2 yana kashe ɗaya ko biyu daga cikin ramukan SATA.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ka fara kwafe aikinka. Wasu gidajen USB, musamman wasu nau'o'in My Book, suna kulle bayanai da kansu a kan ƙaramin allonsu ko da mai shi bai sa kalmar sirri ba, wasu tsofaffi kuma suna sauya yadda kwamfuta ke ganin rabe-raben faifan. Idan aka ciro faifai daga irin wannan gida aka jona shi kai tsaye, Windows zai gan shi kamar sabo fil wanda ba a taɓa rubuta komai a kansa ba, ya nemi izinin shirya shi ko goge shi. Idan ka ga wannan saƙo alhali ka san akwai aiki a kan faifan, ka ƙi amincewa, ka kashe kwamfuta, ka mayar da faifan gidansa na asali, domin ta nan ne kawai bayanan za su karantu. Saboda wannan dalili kada ka yar da ƙaramin allon gidan da adaftarsa. Sai ka tabbatar da cewa kwafin da ka yi yana buɗewa, sannan ka dawo da faifan cikin kwamfuta ka shirya shi daga farko a Disk Management, wato sashen Windows na shirya faifai. A wurin ka zaɓi tsarin raba faifai na GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce kimanin terabayit 2, sauran sararin zai zauna a banza. Windows zai nuna maka kusan 7.27 a maimakon 8, kuma wannan bambancin lissafi ne tsakanin kamfanonin faifai da Windows, ba a rage maka komai ba.

Daga nan ka sauke manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, ka duba sa'o'in da faifan ya yi yana aiki, da adadin gurabun da suka lalace aka sauya su, da waɗanda ake shakkarsu. Waɗannan biyun na ƙarshe sifili ya kamata su nuna, kuma idan suna ƙaruwa daga mako zuwa mako, faifan ba na ajiye aikin mutane ba ne. Manhajar za ta nuna maka zafinsa ma. Yawancin kamfanoni digiri 60 suke sa wa a matsayin iyaka, amma ni ba na son ganin faifai yana zama sama da 45, kuma a ƙaramin shago mai rufin kwano a watan Fabrairu ko Maris, babban faifai a cikin matsattsiyar kwamfuta yana wuce haka cikin sauƙi idan babu fanka a gabansa. Ka ɗaure shi da sukurori aƙalla huɗu, ka kuma lura cewa manyan faifai da yawa ba su da ramin sukuri na tsakiya, saboda haka wasu mariƙan roba na kwamfutocin ofis ba sa kama su sai an ɗan gyara. Ko da yake dumsor, wato yawan ɗauke wuta irin na 2015, ya wuce, ɗaukewar wuta ba ta ƙare ba, kuma faifai mai wannan girma ya cancanci UPS, wato akwatin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, wanda batirinsa ke da rai, ko da na minti biyar ne da za ka adana aiki ka kashe kwamfuta da hannunka.

Idan ka rufe haƙoran uku da kyau, ka auna wutar ta yi daidai, faifan kuma ya ci gaba da shiru, ka aiko mini da lambar samfurin faifan, da sunan kwamfutar da lambarta, da hoton takardar da ke jikin fawa-fak, da hoton bakin faifan bayan ka zare kebul domin in ga ko tef ɗin ya goce. Allah ya sa a dace.